Tarihin Ammar Ɗan Yasir (R.A.) Da Hukuncin Wanda Aka Tilasta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi, akwai tambayar da take yawan zuwa mana daga ɗalibai da masallata a wannan zamani na tsoro da tsadar rayuwa. Idan rai ya kai ga halaka, an ɗora wa mutum makami a wuya, ko yunwa ta kai shi ƙasa, shin halas da haram suna nan daram a kansa? Shin kyawawan halayen da aka tarbiyyantar da shi a kansu na lokacin zaman lafiya ne kawai? Mun ga ya dace mu amsa ta hanyar tarihin sahabin da wannan mas'ala ta faɗa wa a jikinsa, har Alƙur'ani ya sauka a kanta, wato Abul Yaƙzan Ammar ɗan Yasir, Allah Ya ƙara masa yarda.

Asalinsa da gidan da ya tashi

Mahaifinsa Yasir ɗan Amir mutumin Yaman ne, daga ƙabilar Ansu, wani reshe na Mazhij. Ya zo Makka tare da 'yan uwansa biyu, Haris da Malik, suna neman wani ɗan uwansu da ya ɓata. Su biyun suka koma gida, shi kuwa Yasir ya zauna. A Makka ta wancan lokaci baƙo ba shi da kariya sai ya raɓu da wani babban gida, don haka ya ƙulla amana da Abu Huzaifa ɗan Mugira na Banu Makhzum. Abu Huzaifa ya aurar masa da baiwarsa Sumayya 'yar Khayyaɗ, ta haifi Ammar, sai ya 'yanta yaron. An haife shi kusan lokacin da aka haifi Manzon Allah (S.A.W.), don haka tsararraki ne.

Ke nan Ammar ya tashi ɗan baƙo, ɗan baiwa, a ƙarƙashin inuwar ƙabilar da ta fi kowace tsananin gaba da Musulunci daga baya, ƙabilar Abu Jahil. Ba shi da dangin da za su zare takobi saboda shi, ba shi da dukiyar da zai fanshi kansa da ita. Duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa sai an riƙe wannan kafin a fahimce shi.

Ya musulunta a gidan Arƙam ɗan Abil Arƙam, rana ɗaya da Suhaibu Barume. Sun haɗu a ƙofar gidan, kowanne yana ɗari-ɗari da ɗan uwansa, sai suka tarar abu ɗaya ne ya kawo su. Suka shiga, suka ji wa'azi, suka yi imani, suka jira har dare ya yi sannan suka fita a ɓoye. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Ammar ya ba da labarin ya ga Manzon Allah (S.A.W.) a lokacin da babu kowa tare da shi sai bayi biyar da mata biyu da Abubakar. Mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan uwansa Abdullahi duk suka karɓi addinin.

Yadda hali yake ginuwa

Malaman tarbiyya, irin su Imamul Gazali a cikin Ihya'u, sun bayyana cewa hali wata siffa ce da ta zauna daram a cikin rai, har ayyuka suna fitowa daga gare ta cikin sauƙi, ba sai mutum ya tsaya dogon lissafi ba. Wanda ya yi kyauta sau ɗaya don a gani, ba a kiran sa mai kyauta. Wanda kyauta ta zame masa jiki shi ake kira haka. Tushen farko shi ne fiɗira, wadda Allah Ya halicci kowane jariri a kanta. Sannan iyaye su ɗora hannunsu, abokan zama su ɗora nasu, sannan maimaici da sabo su kafe abin. Shi ya sa Bahaushe yake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hali zanen dutse ne.

A rayuwar Ammar muna ganin waɗannan matakai a fili. Uwa ce tsohuwa mai rauni wadda ta ƙi ta furta kalmar kafirci. Uba ne baƙo da ya ƙi ya sayi zaman lafiya da addininsa. Ga kuma makarantar gidan Arƙam, inda ake karanta ayoyin tauhidi da na tashin alƙiyama a gaban mafi kyawun halitta. Waɗanda suka san Ammar sun siffanta shi da yawan shiru da ƙarancin magana, da yawan neman tsarin Allah daga fitina. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Azaba a rairayin Makka

Da Ƙuraishawa suka tashi murƙushe sabon addini, kowace ƙabila ta kama raunanan da ke ƙarƙashinta. Manzon Allah (S.A.W.) Allah Ya kare shi da baffansa Abu Ɗalib, Abubakar kuma da danginsa. Iyalan Yasir ba su da kowa. Banu Makhzum sukan fitar da su da tsakar rana, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi, su sa musu sulken ƙarfe, su shanya su. Manzon Allah (S.A.W.) yakan wuce ta wurinsu alhali ba shi da ikon ƙwatar su, sai ya umarce su da haƙuri, ya yi musu albishir da cewa makomarsu Aljanna ce.

Yasir ya cika a cikin azabar. Sumayya kuwa Abu Jahil ya soke ta da mashi, ta zama ta farko da ta yi shahada a Musulunci. Ammar aka bari da rai, aka ci gaba da gana masa uƙuba, wani lokaci da wuta, wani lokaci a nutsa shi a ruwa har ya fita hayyacinsa. Bayan shekaru masu yawa wanda ya ga bayansa ya ba da labarin tabban da suka rage a jikinsa. Ibnu Ishaƙ ya kawo cewa Sa'idu ɗan Jubairu ya tambayi Ibnu Abbas ko azabar ta kai matsayin da za a yi wa mutum uzuri, sai ya ba shi amsa da cewa ana dukan mutum, a hana shi abinci da ruwa, har ya kasa zama daidai, har in buzuzu ya wuce aka tambaye shi ko wannan ne abin bautarsa sai ya amsa, don ya samu ya yi numfashi.

Wata rana suka ƙi sakin Ammar sai da ya aibata Manzon Allah (S.A.W.), ya ambaci gumakansu da alheri. Suka sake shi. Bai tafi gida ya ɓoye abin da ya faru ba, bai kuma nemi wa kansa hanzari ba. Kai tsaye ya nufi wanda ya aibata ɗin, yana kuka, ya faɗa masa duk abin da bakinsa ya furta. Manzon Allah (S.A.W.) bai tambaye shi yawan kalmomin ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, a kan yadda yake jin zuciyarsa. Ammar ya shaida masa cewa tana natse da imani. Sai ya ba shi izinin in sun sake kama shi ya sake faɗar abin da zai kuɓutar da shi. A wata ruwaya an ce yana share masa hawaye da hannunsa mai albarka. Malaman tafsiri da yawa sun tafi a kan cewa saboda wannan ne aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka, wadda ta yi narkon fushin Allah ga wanda ya kafirta bayan imaninsa, ta togace wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani.

Abin da malaman fiƙihu suka ciro

A nan ne amsar tambayarmu take. A gida ɗaya an samu hanyoyi biyu. Iyaye sun ɗauki azima, suka mutu a kanta. Ɗa ya ɗauki rangwame, ya rayu. Bilal ma azima ya ɗauka, ya yi ta ambaton kaɗaitakar Allah ana jan sa a kwararon Makka. Shari'a ba ta zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya jure ya fi lada, wanda ya karɓi sauƙin da Allah Ya ba shi babu laifi a kansa.

To amma wannan sauƙi yana da iyaka, kuma ɗalibanmu da suka karanta Mukhtasar na Shehu Khalil sun san wurin. Furta kalmar kafirci, ko aibata Annabi (S.A.W.), ko yi wa Musulmi ƙazafi, ba su halatta sai in tsoron kisa ne ya tabbata, kuma haƙuri ya fi. Kashe Musulmi ko yanke masa gaɓa kuwa ba su halatta ko da za a kashe wanda aka tilasta ɗin. Imamul Ƙurɗubi ya hakaito ijma'in malamai a kan cewa wanda aka tilasta ya kashe wani ba shi da damar ya fanshi ransa da ran ɗan uwansa. Dalili a bayyane yake. Kalmar da Ammar ya furta haƙƙin Allah ce, kuma Allah Ya yafe ta, domin bakin da aka matse ba ya fassara zuciya. Jinin maƙwabci kuwa haƙƙin bawa ne, kuma ranka bai fi nasa tsada ba.

Haka abin yake a babin yunwa. Alƙur'ani ya halatta wa wanda ya matsu cin mushe da sauran abubuwan da aka haramta a wurare huɗu: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. A duk wuraren an gindaya sharaɗi, kada ya zama mai zalunci, ko mai ƙetare iyaka, ko mai karkata zuwa saɓo. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya bi Imamu Malik wajen cewa wanda ya matsu zai ci mushe har ya ƙoshi, ya yi guzuri, amma da zarar ya wadatu sai ya jefar da sauran. Sayyidina Umar (R.A.) bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, domin yunwa ta shigar da shubuha cikin laifin. Duk da haka babu malamin da ya halatta wa mayunwaci ya ƙwace lomar wanda yake cikin irin halinsa. Larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake auna ta, kuma tana gushewa hukuncin asali ya dawo.

Saboda haka tsanani ba ya tsige kyawawan halaye daga tushe. Shari'ar da ta hana cin mushe ita ce ta halatta shi ga wanda zai mutu, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofinta. Mutum bai fita daga ƙarƙashin hukuncin Allah ba a lokacin larura, ya tashi ne daga wani hukunci zuwa wani. Alamar mai gaskiya ita ce alamar Ammar: yana ɗaukar rangwamen zuciyarsa tana ƙin abin, yana tsayawa inda larurar ta tsaya, sannan ya je ya tambayi masani.

Rayuwarsa a Madina

Ammar ya yi hijira zuwa Madina, yana cikin waɗanda suka yi aikin masallacin Ƙuba. Manzon Allah (S.A.W.) ya haɗa shi 'yan uwantaka da Huzaifa ɗan Yaman. Lokacin ginin masallacin Annabi sahabbai suna ɗaukar tubali ɗaiɗai, shi yana ɗaukar biyu-biyu. Manzon Allah (S.A.W.) ya gan shi, ya kakkaɓe masa ƙura, ya tausaya masa, ya ba da labarin cewa ƙungiya mai tawaye ce za ta kashe shi. Ya halarci Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, inda aka kashe Abu Jahil, da Uhudu da Khandaƙ da Bai'atur Ridwan da sauran yaƙoƙi. Wanda wani zai iya ɗauka a matsayin mai rauni saboda abin da ya faru a Makka, shi ne Annabi (S.A.W.) ya shaida cewa an cika shi da imani har cikin ƙasusuwansa, kuma ba a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu face ya ɗauki mafi shiriya.

Akwai wani labari nasa a Bukhari da Muslim da ya dace da darasinmu. Suna cikin tafiya shi da Umar, janaba ta same su, babu ruwa. Umar ya dakata bai yi salla ba. Ammar ya yi birgima a cikin ƙasa kamar yadda dabba take yi, ya yi sallarsa. Da suka dawo ya ba da labari, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa cewa ya ishe shi ya bugi ƙasa da tafukansa ya shafi fuska da hannuwa. Ya kuskure siffar taimama, amma bai ɗauki rashin ruwa a matsayin dalilin barin salla ba. Larura ta canza siffar tsarki, wajibcin ya zauna inda yake.

A yaƙin Yamama, zamanin Sayyidina Abubakar, lokacin da sahun Musulmi ya fara watsewa a gaban rundunar Musailama, Abdullahi ɗan Umar ya gan shi a kan wani dutse yana kiran mutane su dawo, yana tunatar da su Aljanna, kunnensa a yanke yana reto, shi kuwa yana yaƙi mafi tsanani. A lokacin ya haura shekara 60. Wanda ya karɓi rangwame a ranar da mutuwarsa ba za ta tsare kowa ba, shi ne ya tsaya a ranar da gudunsa zai jawo wa jama'a halaka.

Gwamnan Kufa

A shekara ta 21 bayan Hijira Sayyidina Umar ya naɗa shi gwamnan Kufa, ya haɗa shi da Abdullahi ɗan Mas'ud a matsayin malami kuma mataimaki, ya rubuta wa mutanen garin cewa su biyun suna cikin zaɓaɓɓun sahabbai mutanen Badar. Mulki bai canza shi ba. An gan shi ya sayi ciyawar dabbobi ta dirhami ɗaya, ya ɗaure, ya saɓa a bayansa zuwa gida alhali shi ne gwamna. Wani ya yi masa gori da yankakken kunnensa, sai ya sanar da shi cewa mafi alherin kunnuwansa biyu ya zaga, domin a tafarkin Allah aka yanke shi. Huɗubarsa gajera ce mai ratsa zuciya, da aka so ya tsawaita sai ya kafa hujja da abin da ya ji daga Annabi (S.A.W.) cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alamar fahimtar addini ce. Mutanen Kufa suka kai ƙararsa cewa bai iya siyasa ba, Umar ya sauke shi, ya sauka ba tare da jayayya ba.

Bukhari ya kawo daga gare shi cewa abubuwa uku ne wanda ya haɗa su ya haɗa imani: mutum ya yi adalci ko da a kan kansa ne, ya yi sallama ga kowa, ya kuma ciyar alhali yana cikin ƙunci. Ku lura da na ukun. Mutumin da ya san yunwa da azaba shi ne yake sanya kyauta a lokacin rashi cikin ma'aunin imani.

Fitina da shahadarsa

A ƙarshen zamanin Sayyidina Usman saɓani ya shiga tsakanin Musulmi, Ammar yana cikin masu ganin a gyara wasu al'amura na mulki. Ruwayoyin wannan zamani sun cakuɗa da ƙari da ragi, mu kuwa tafarkinmu shi ne kame baki daga aibata sahabbai da nema musu yardar Allah baki ɗaya. Bayan an kashe Usman bisa zalunci a shekara ta 35, Ammar ya tsaya tare da Sayyidina Aliyu.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne yadda ya yi saɓanin. Kafin yaƙin Raƙumi a shekara ta 36, Aliyu ya aike shi Kufa tare da Hasan don neman goyon baya. Ya hau mumbari, ya rantse cewa Nana A'isha matar Annabinsu ce a duniya da lahira, ya ce lamarin jarrabawa ce daga Allah. Yana tara runduna a ɓangaren da ba nata ba, amma bai rage mata daraja ko ƙwayar zarra ba. Da wani ya aibata ta a gabansa ya kore shi da kakkausar murya. An kuma ruwaito cewa ya hana mutanensa kafirta mutanen Sham, ya yarda a ce sun yi zalunci, bai yarda a fitar da su daga addini ba.

A watan Safar na shekara ta 37, wato 657 Miladiyya, aka haɗu a Siffin kusa da kogin Furatu a ƙasar Sham. Ammar ya haura shekara 90, hannunsa yana rawa a kan mashi. Ya nemi abin sha, aka kawo masa madara, sai ya tuna Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa cewa madara ce ƙarshen abin da zai sha a duniya. Ya sha, ya shiga fagen fama, aka kashe shi. Aliyu ya yi masa salla, aka binne shi a can. Da mutuwarsa Ahlus Sunna suka kafa hujja cewa Aliyu shi ne a kan gaskiya a wannan saɓani, tare da yi wa sahabban ɗaya ɓangaren uzurin ijtihadi.

Abin da ya rage a wuyanmu

'Yan uwa, a yankunanmu akwai waɗanda 'yan bindiga suka kama, aka tilasta musu furta abin da ba su yarda da shi ba, ko aka ci zarafinsu ta hanyar da baki ba ya son faɗa. Idan Allah Ya kuɓutar da su suka dawo, sunnar da muka gani ita ce a share musu hawaye, a kwantar musu da hankali, kada a bi su da gori da tsegumi. Matar da aka yi wa fin ƙarfi ba ta da zunubi, kuma ba ta zubar da mutuncinta ba.

Wanda kuma aka matsa wa ya nuna gidan maƙwabcinsa don a kashe shi, ko ya ɗauki makami a kan mutanen garinsu, to ya sani rangwamen Ammar bai kai nan ba. Malamai sun ce ƙarya ma wajibi ce idan da ita za a tsare ran wanda ba shi da laifi. Haka nan ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya hau alhali mutane suna kwana da yunwa, da ma'aikacin da ya mai da cin hanci sana'a yana cewa albashi ba ya isa, kada su ari sunan larura. Larura ita ce tsoron halakar rai ko gaɓa, ba son ƙarin jin daɗi ba.

Ga iyaye da malamai kuma, ranar tsanani ba ranar koyon hali ba ce. Abin da aka shuka a gida da makaranta shi ne yake tsirowa a ranar. A koya wa yara gaskiya da amana da tausayi tun suna ƙanana, a koya musu hukuncin azima da na rangwame tare, don kada tsoro ya sa su zubar da addini gaba ɗaya, kada kuma jahilci ya sa su yanke ƙauna daga rahamar Allah idan ƙafa ta zame.

Allah Ya ƙara yarda ga Ammar da Yasir da Sumayya da sauran sahabbai baki ɗaya. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya ciyar da mayunwata, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya tabbatar da zukatanmu a kan imani har mu koma gare Shi. Allah ne Mafi sani.